Bernkastel-Kues a Bakin Kogin Mosel: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihin Garin, Gine-ginensa da Gonakin Inabi

Bernkastel-Kues ƙaramin gari ne a yammacin Jamus, mutanensa ba su wuce dubu bakwai da 'yan kai ba, amma baƙin da ke shiga cikinsa a shekara sun ninka haka nesa ba kusa ba. Abubuwa uku ke kawo su: tsohuwar kasuwa mai gidajen katako, gidan tsofaffi da ya haura shekara 500 yana aiki, da gonakin inabi da suka maƙale a jikin tsauni. Dukkan ukun tushensu ɗaya ne, wato inabin da kogin da ake safararsa a kai. Ga amsoshin tambayoyin da masu shirin zuwa suka fi yi, har da waɗanda ba sa shan giya.

Ina garin yake, kuma me ya sa sunansa biyu?

Yana jihar Rheinland-Pfalz, a tsakiyar kwarin Mosel, wajen kilomita 50 daga birnin Trier. Kogin ya taso ne daga tsaunukan Vosges a Faransa, ya yi tafiyar fiye da kilomita 540, ya zuba a kogin Rhein a Koblenz. Da can garuruwa biyu ne suna kallon juna. Bernkastel tana hannun dama in ka bi yadda ruwa ke gangara, a matse tsakanin kogi da tsauni. Kues tana hannun hagu, inda ƙasa ta fi shimfiɗuwa. An gina gadar farko tsakaninsu daga 1872 zuwa 1874, aka haɗe su gari ɗaya a 1905. Ƙauyukan Andel da Wehlen sun shigo cikinsu a 1970.

Yaya ake zuwa?

Jirgin ƙasa ba ya shiga garin yanzu. Tsohuwar tashar Kues tana nan, amma layin an mayar da shi hanyar keke. Tashar da ta fi kusa ita ce Wittlich Hauptbahnhof, a kan layin Koblenz zuwa Trier, daga nan sai bas, tafiyar kamar rabin awa. Bas ɗin yakan yi ƙaranci da yamma da kuma ranar Lahadi, don haka a duba jadawali tun kafin a baro masauki.

Akwai kuskuren da ke cin kuɗin mutane: filin jirgin Frankfurt-Hahn ba a Frankfurt yake ba. Ya fi kilomita 100 daga birnin, amma kusa yake da Bernkastel, bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Wanda ya taso daga Abuja ko Legas babban filin Frankfurt zai sauka, daga nan kuma tafiyar mota ta kusa awa biyu. Jamus tana cikin ƙasashen Schengen, saboda haka biza ɗaya ta isa ko da mutum zai leƙa Faransa ko Luxembourg.

Tun yaushe aka kafa garin?

Rumawa sun noma inabi a wannan kwari. An tono wuraren matsar inabinsu a Piesport da Erden da Brauneberg, duk ƙauyukan maƙwabta, kuma a Neumagen aka samo sassaƙen dutse na jirgin ruwa cike da gangunan giya, wanda aka yi wajen shekara ta 220. Asalinsa yana gidan tarihi na Trier. Bernkastel kanta ta samu matsayin gari a 1291 daga hannun Sarki Rudolf na gidan Habsburg. Matsayin ne ya ba ta ikon cin kasuwa da gina ganuwa, kuma daga cikin ƙofofin ganuwar guda ɗaya ce ta rage, Graacher Tor.

Shekaru ɗaruruwa manyan bishop-bishop na Trier ne sarakunan yankin, su ne addini su ne mulki. Ɗaya daga cikinsu, Clemens Wenzeslaus, ya ba da umarni a 1787 cewa a tuge inabi marar kyau a dasa iri mai inganci, abin da ya taimaka wa irin Riesling ya mamaye kwarin. Sojojin Faransa sun ci yankin a 1794, aka ƙwace gonakin coci da na gidajen ibada aka yi gwanjonsu. Manyan gidajen inabi da dama na yau daga wannan gwanjon suka samu ƙasa. Daga 1815 yankin ya koma hannun Prusiya.

Inabin ya azurta kowa ne?

A'a. Kyan gidajen kasuwa yakan ɓoye wannan ɓangare na tarihi. Dokar gado ta sa gona tana rarrabuwa tsakanin 'ya'ya har ta zama 'yan layuka, kuma shekara ɗaya ta mugun sanyi ta isa ta jefa iyali cikin bashi. Karl Marx, ɗan Trier, ya yi rubutu a jarida a 1843 kan talaucin manoman Mosel. A ranar 25 ga Fabrairu 1926 dubban manoma suka taru a Bernkastel, suka kutsa ofishin haraji, suka watso takardu ta taga suka cinna musu wuta. Ba a daɗe ba gwamnati ta soke harajin giyar inabi.

Kangon da ke saman tsauni fa?

Shi ne Burg Landshut, kagarar da Bishop Heinrich von Finstingen ya gina wajen 1277. Gobara ta cinye ta a watan Janairu 1692, ba a sake gina ta ba. A 2012, ana cikin gyara, aka ci karo da bangon sansanin Rumawa a ƙarƙashinta, wanda ya nuna wurin ya girmi yadda ake zato da ƙarnuka. Hawa da ƙafa daga kasuwa minti 20 ne zuwa 30, da tudu sosai. Daga can sama ne mutum zai ga yadda kogi ya lanƙwashe da yadda kowace gona ta juya fuska wajen rana, shi ya sa ya fi kyau a fara da nan kafin a shiga gari.

Yaya aka gina gidajen katakon da ke kasuwa?

Jamusawa suna kiran wannan gini Fachwerk, kuma matakai uku ake bi wajen yin sa. Na farko ɗakin ƙarƙashin ƙasa da hawan ƙasa, waɗanda ake yi da dutse, domin su ne ke haɗuwa da damshi da ambaliya, kuma a nan ake ajiye ganguna. Na biyu ƙashin gidan: ginshiƙai a tsaye, azara a kwance, da wasu a karkace masu hana gini jirkicewa, duk daga icce mai tauri da suke kira Eiche. Ba ƙusar ƙarfe ake haɗa su da ita ba. Ana fere bakin wani katako a zura shi cikin ramin da aka sassaƙa a jikin wani, sannan a buga turken icce ya riƙe su. Kafinta yakan haɗa ƙashin duka a fili, ya sa wa kowane katako alama, ya wargaza, a kwaso a sake haɗawa a wurin gini. Wanda ya matsa kusa da wasu gidajen zai ga waɗannan alamomin a sare a jikin azara. Na uku cike gurabe: a saƙa tsumagu tsakanin katakai, a yaɓe da laka da aka kwaɓa da ciyawa, a shafe da farar ƙasa. Rufi kuma da baƙin dutse mai falle-falle ake yi, wanda ake haƙowa a yankin.

Kowane bene yana ɗan turo kai ya wuce na ƙasansa. Yin haka yana ƙara faɗin ɗaki a garin da fili ya yi ƙaranci, yana kuma kare bangon ƙasa daga ruwan sama. Gidan da ya fi kowanne wuce gona da iri a wannan shi ne Spitzhäuschen na 1416, a lungun da ke gefen kasuwa. Gindinsa wajen mita biyu ne kacal, samansa ya buɗe ta gefe uku, ga rufi mai tsini, har mutum ya ɗauka iska za ta ture shi. Ya fi shekara 600 a tsaye.

Yawancin gidajen dandalin na ƙarni na 16 da na 17 ne. Ofishin magajin gari, Rathaus, na 1608 ne, shi kuma da dutse aka yi fuskarsa. A kusurwarsa har yanzu akwai sarƙar ƙarfe inda ake ɗaure mai laifi jama'a su gan shi ranar kasuwa. Maɓuɓɓugar ruwan da ke tsakiya, Michaelsbrunnen, ta 1606 ce.

Me ke lalata irin waɗannan gidaje?

Ruwan da ya shiga ya rasa hanyar fita. Katako yana kumbura da damshi, yana tsukewa da bushewa, laka da farar ƙasa kuma suna bin sa, suna tsotse ruwa su sake shi. Da aka fara gyara da siminti da fenti mai toshe iska a ƙarni na 20, sai 'yar tsaga ta riƙa buɗewa tsakanin katako da siminti, ruwa ya shiga ya kwanta, katako ya ruɓe daga ciki alhali waje yana sheƙi. Duk wanda ya ga abin da yaɓen siminti ke yi wa ginin tubali a Kano ko Zariya ya san wannan ciwo. Wurin da ya fi saurin ruɓewa shi ne azarar da ke kwance a kan ginin dutse, domin nan ruwa ke taruwa. Masu gyara na yanzu sun koma laka da farar ƙasa da fentin man icce, suna yanke ruɓaɓɓen wuri kawai su dasa sabon katako irinsa. Gidajen suna ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi, ko taga mai gida ba zai canza ba sai da izini.

Wane ne Nikolaus na Kues, kuma me ya bari?

An haife shi a Kues a 1401, ɗan wani attajiri mai jiragen ruwa. Ya yi karatun shari'a da lissafi da falsafa, ya zama kadinal, wato ɗaya daga cikin manyan shugabannin cocin Katolika, a 1448, ya rasu a Todi ta Italiya a 1464. An binne gangar jikinsa a Roma, aka kawo zuciyarsa Kues aka binne a ɗakin ibadar gidan da ya kafa.

Gidan shi ne St. Nikolaus-Hospital, ana kuma ce masa Cusanusstift, a bakin gada ta gefen Kues. Takardar kafa shi ta 1458 ce. Ya tsara cewa a riƙe tsofaffi matalauta 33: malaman coci shida, 'ya'yan sarauta shida, talakawa 21. Ya ba gidan gonakin inabi domin abin da suka samar ya ciyar da tsofaffin, tsarin da mai karatu Musulmi zai gane nan take, domin kuwa haka waƙafi yake aiki. Har gobe tsofaffi suna zaune a ciki, yanzu har da mata. Saboda haka mai ziyara ya sassauta murya, kada ya buɗe ƙofar da ba a nuna masa ba. A ɗakin ibada a lura da ginshiƙi guda ɗaya tal da ke tsakiya, wanda ya ɗauki rufin gaba ɗaya.

Taskar gidan ita ce ɗakin karatu, mai ɗauke da rubuce-rubucen hannu fiye da 300 da kayan duban taurari da ya saya a Nuremberg a 1444, ciki har da usturlabi, na'urar da malaman Musulunci suka inganta ƙwarai kafin ta yaɗu a Turai. A cikin littattafan akwai fassarar Alƙur'ani da harshen Latin, wadda aka fara yi a Sifaniya a 1143, da rubutun hannunsa a gefen shafuka. Bayan Turkawa sun ci Kustantiniya a 1453 ya yi rubutu yana neman a zauna lafiya tsakanin addinai, daga baya kuma ya yi wani a kan Alƙur'ani. Gaskiyar magana, ya rubuta su ne don kare addininsa na Kirista, kuma akwai maganganu a ciki da Musulmi ba zai yarda da su ba. Amma a zamanin da ake kiran yaƙi, shi ya zauna ya karanta, kuma wannan ya cancanci a sani. Ɗakin karatun ba a buɗe yake kullum ba, sai da ɗan rakiya a lokutan da aka tsara, don haka a tambaya tun da wuri.

Me ya sa ake noma inabi a gangaren da mutum ke tsayuwa da ƙyar?

Saboda rana. Garin yana arewa ƙwarai, kusan digiri 50 daga layin Ikwaita da ya raba duniya biyu, inda rana ke tafiya ƙasa-ƙasa a sararin kudu. Gangaren da ya fuskanci kudu yana karɓar haskenta kai tsaye, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa a karkace take samu. Shi ya sa a kowace lanƙwasar kogi za ka ga gefe ɗaya inabi, ɗaya gefen daji ko gidaje.

Sai ƙasar. Ba ƙasa ba ce sosai, ɓaraguzan baƙin dutse ne mai suna Schiefer, wanda ya kai shekara miliyan 400. Yana shan zafi da rana ya sake shi da dare, ruwa kuma ba ya kwanciya a cikinsa, sai saiwa ta nutsa mita da yawa cikin tsagogi tana nema. Kogin yana sassauta sanyin dare, iska mai sanyi kuma tana gangarowa ƙasa ta bar kurangar. Da haka Riesling, wanda ba ya nuna da wuri, yake samun dogon lokaci yana tara zaƙi ba tare da tsaminsa ya gudu ba. Ya kai wajen kashi 60 cikin 100 na inabin Mosel. Wani amfanin dutsen shi ne ƙwaron saiwa da ya hallaka gonakin Turai a ƙarni na 19 bai ji daɗinsa ba, har yau akwai kurangar da ta haura shekara 100 a kan saiwarta ta asali.

A ƙa'idar Jamus, gangaren da ya tashi fiye da mita 30 a tafiyar mita 100 shi ne mai tsananin tudu. Wasu gonakin bayan Bernkastel sun ninka wannan.

Wane aiki ake yi a gonar, kuma me ke ɓata amfani?

Tsohuwar hanyar Mosel ita ce kowace kuranga da turkenta. A lokacin sanyi, daga Janairu zuwa Maris, ana sare rassa a bar biyu, a lanƙwaso su a ɗaure a jikin turke su yi siffar zuciya. Amfaninsa shi ne ma'aikaci yana iya ratsa gona ta kowace fuska. Daga Mayu ana ɗaure sababbin rassa, ana rage ganye don iska ta ratsa. Fure yana fitowa a Yuni, girbin Riesling kuma daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, wani lokaci har Nuwamba. Da hannu ake tsinka, a zuba a kwandon goyo, ko a ɗora a 'yar mota mai hawa kan dogon ƙarfe guda ɗaya da aka kafa a gangaren. Feshi da jirgi mai saukar ungulu ake yi, yanzu kuma har da jirgi marar matuƙi. Dutsen da ruwa ya gangaro da shi ma sai an kwashe an mayar sama.

Masifun sanannu ne. Sanyin dare a Afrilu ko Mayu yana ƙone tohon da ya fito, kuma ɗumamar yanayi ta ƙara haɗarin domin toho yana fitowa da wuri, kamar yadda aka gani a Afrilun 2024. Ƙanƙara tana iya gama gona cikin minti kaɗan, irin ta Agustan 2011. Damshi da ɗumi suna kawo fumfuna a ganye. In aka rage ganye fiye da kima zafin Yuli ya ƙone 'ya'yan. Aladen daji kuma suna shigowa daidai lokacin da inabi ya nuna. Aikin hekta ɗaya a gangare ya ninka na shimfiɗa sau da yawa, shi ya sa gonakin Mosel suka ragu daga sama da hekta 12,000 wajen 1990 zuwa ƙasa da 9,000. Filayen ƙaya da ake gani tsakanin gonaki waɗanda aka yi watsi da su ne.

Me ya sa ake ce wa wata gona Doctor?

Ita ce gangaren da ke bayan rufin gidajen Bernkastel, hekta uku da kwata. Labarin da ake bayarwa shi ne Bishop Boemund na Biyu ya kwanta zazzaɓi a Landshut a ƙarni na 14, magani ya gagara, sai ya warke bayan an ba shi giyar wannan gona. Almara ce, amma sunan ya zauna, farashin ƙasar ma haka: a 1900 an sayi wani yanki nata a kan mak 100 na zinariya, kuɗin Jamus na lokacin, kowace kuranga. Gaba kaɗan, in ka bi yadda ruwa ke gangara, akwai gonar Wehlener Sonnenuhr, mai agogon rana da Jodocus Prüm ya kafa a jikin dutse a 1842 don ma'aikata su san lokaci.

Yaya ruwan inabi ke zama giya, kuma me kalmomin kwalba ke nufi?

Kilo 100 na inabi yana ba da lita 70 zuwa 75 in an matse. In aka bar ruwan, yis da ke jikin ɓawo da cikin iska zai fara cin sukarin cikin 'yan kwanaki, ya mayar da shi barasa da iskar gas. Gas ɗin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ɗakin ƙasa, kuma yana kisa, shi ya sa ba a shiga ɗakin ganguna lokacin girbi sai da mai gida. Tsohuwar gangar Mosel, Fuder, tana cin wajen lita 1,000. In aka sanyaya ganga aka tsayar da yis kafin ya cinye sukari, giyar takan fito da zaƙi da barasa kaɗan, kashi 7 zuwa 9. In aka bari ya cinye, ta kai 12 ko fiye.

Kabinett, Spätlese da Auslese matakai ne na yawan sukarin inabi ranar girbi, daga ƙasa zuwa sama. Eiswein daga inabin da ya daskare a kan kuranga ne, a sanyin digiri 7 ƙasa da sifiri ko fiye. Trocken marar zaƙi, feinherb tsaka-tsaki. Wani abin da ke ruɗa masu saye shi ne dokar 1971 ta yarda a haɗa gonaki da yawa a suna ɗaya: Bernkasteler Doctor gona ɗaya ce, Bernkasteler Kurfürstlay kuwa yanki ne mai faɗi.

Wanda ba ya shan giya yana da abin yi a garin?

Ƙwarai kuwa. Kasuwa, kagara, gidan Nikolaus, jirgin ruwa da hanyoyin gonaki babu wanda ya rataya ga sha, kuma ba wanda zai matsa maka. Abin da ake bukata shi ne sanin kalmomi, domin nan ake tuntuɓe.

Traubensaft shi ne matsattsen ruwan inabi da aka ɗumama aka kashe yis, babu barasa, kuma gidajen inabi da yawa suna sayar da nasu. Federweißer shi ne tarko. Ana sayar da shi a Satumba da Oktoba, fari ne mai gurɓi da zaƙi, ga ƙananan kumfa, sai ka rantse lemo ne, alhali giya ce da ke cikin tsumuwa, barasarta daga kashi 4 zuwa sama. Alamarsa ita ce murfin kwalbar ba a rufe yake gam ba, don gas ya riƙa fita, kuma mai sayarwa zai ce a riƙe ta a tsaye. Apfelschorle ruwan tuffa ne da soda, Weinschorle giya ce da soda. Viez, wanda ake sha a yankin Trier, giyar tuffa ce. Abin da aka rubuta wa alkoholfrei doka ta yarda ya ƙunshi har rabin kashi ɗaya cikin 100, mai son kauce wa wannan ya nemi wanda aka rubuta 0,0. A kasuwar Kirsimeti Glühwein giya ce mai zafi, Kinderpunsch shi ne marar barasa.

Abinci fa?

Naman alade ya yi yawa a girkin yankin. Winzersteak alade ne. Gräwes, dankali da kabeji mai tsami, da alade ake haɗa shi. Zwiebelkuchen da Flammkuchen yawanci akwai gutsattsarin Speck a kai, wato kitsen alade. Miyar da sunanta ya fara da Riesling ko Wein da giya aka dafa ta. Kifi ya fi sauƙi: Forelle da Zander, amma a ce a kawo ba romon giya. Kalmomi biyu sun isa: ohne Schwein, ban da alade, ohne Alkohol, ban da barasa. Wajen tsaraba ma a duba. Traubengelee daga ruwan inabi ne, Weingelee daga giya, kuma cakulan da mustad na shagunan kasuwa sau da yawa akwai barasa a ciki. Jam na Weinbergpfirsich, jan ɗan itacen peach da ake dasawa a gonakin inabi, tsaraba ce mai kyau, muddin ba kwalbar Likör, wato barasarsa, aka ɗauko ba.

Masu ɗanɗana giya yaya suke yi?

Ɗakin ƙasa na Vinothek, wurin ɗanɗana giya da ke harabar Cusanusstift, ya tara fiye da iri 100 na yankin a wuri ɗaya. Sanannun gidaje irin su Dr. Loosen, Joh. Jos. Prüm da Dr. H. Thanisch sai da alƙawari, kuma lokacin girbi ba su da sukuni. Ana farawa daga marar zaƙi zuwa mai zaƙi, kurɓi kaɗan, da tukunyar tofarwa a gefe. Dokar tuƙi tana da tsanani: iyaka 0.5 cikin 1,000 na jini, wanda bai kai shekara 21 ba ko sabon direba kuwa ko ɗigo.

Wane wata ya fi dacewa?

Mayu da Yuni ga mai son sarari da koren ganye, Oktoba ga mai son ganin girbi. Bikin inabi na tsakiyar Mosel yana zuwa wajen ƙarshen makon farko na Satumba, da wasan wuta daga kagara da jerin gwano. Gari yana cika maƙil, masauki yana ƙarewa watanni kafin nan, wanda hayaniyar mashaya ke damunsa ya kauce wa makon. Daga ƙarshen Nuwamba akwai kasuwar Kirsimeti. Janairu zuwa Maris otal da gidajen abinci da yawa a rufe suke, kuma lokacin ambaliya ne. Ta Disambar 1993 tana cikin mafiya muni. Wurin ajiye motoci na bakin kogi shi ke fara nutsewa, in an ga allo mai rubutun Hochwasser, wato ambaliya, kada a kwana da mota a can.

Jirgin ruwa ko ƙafa?

Duka biyun, zuwa garin Traben-Trarbach da ke gaba a bakin kogin. Kogi yana zagaye fiye da kilomita 20, jirgi yana cin kusan awa biyu, yana ratsa madatsar Zeltingen inda ake rufe ƙofa a rage ruwa jirgi ya sauka, aikin da aka kammala a 1964 don manyan jirage. Zai kuma bi ta ƙarƙashin gadar Hochmosel ta 2019, mai tsawon kilomita 1.7 da tsayin kusan mita 160, wadda manoma da dama suka yi adawa da ita don tsoron za ta taɓa ruwan da ke ciyar da gonaki. Ta kan tsauni kuwa kilomita shida ne zuwa bakwai. A tafi da ƙafa da safe a dawo a jirgi, amma a san lokacin jirgin ƙarshe, kuma jiragen daga bazara zuwa Oktoba suke aiki. A sa takalmi mai riƙe ƙasa, domin jiƙaƙƙen Schiefer yana da santsi. Kada a tsinki inabi, kada a shiga tsakanin layuka ranar feshi.

Salla da sauran bukatun yau da kullum fa?

Masallatai suna Wittlich da Trier, mai son Juma'a ya shirya fita da wuri saboda bas. Lokutan salla suna sauyawa sosai: a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, a Disamba kuwa wajen huɗu da rabi na yamma, abin da mai zuwa da azumi ya kamata ya lissafa. Manyan kantuna a rufe suke ranar Lahadi, ƙananan wurare da dama sun fi son tsabar kuɗi, kuma masauki yakan ƙara ɗan harajin baƙi a kan kowane dare. A biki da kasuwar Kirsimeti ana karɓar kuɗin jingina a kan kofi, Pfand, a mayar maka in ka dawo da shi.